Ƙwaryar da na kai Mahad

Ni ne mutumin da ya ɗauki ƙwarya ya tafi wankin zinariya a garin da bai taɓa ganin rafi ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan wautar ba sai da karatu ake gane ta ba.

A wancan zamani gefen Harra ta Yamma, a bayan garin Madina, ba kowa sai baƙin dutse da mu. Mutum ya jera duwatsu, ya yi rufi, ya shiga da iyalinsa, wuri ya zama nasa. Ɗakin da ba rufi kuwa kango ne a wurin baladiyya, wato hukumar gari, kuma katafila ke zuwa ta baje shi. Nawa bango ya kai kafaɗa, rufi ya gagara. Matata da 'ya'yanmu suna kwana ƙarƙashin buhunan siminti da na ɗinka. An riga an shafa mana jan fenti a bango, alamar za a rushe.

Sai na ji direbobi a unguwar Ƙuba suna cewa za a sake buɗe ramukan zinariya na Mahad. Mahaifina, kafin ya taho hajji da ƙafa, ya yi wankin zinariya a rafukan Zamfara, ya kuma koya mini juya ƙwarya a tsakar gida. Na ce to, ga kuɗin katakon rufi.

Mahad tana kudu maso gabas da Madina, bayan doguwar tafiya cikin dutse mai ƙuna. Titi ɗaya ne, shaguna, masallaci, sai dutsen da ya haifi garin tsaye a kansa, jikinsa duk ramukan mutanen dā. Gefe ga tsibin farar ƙasa da wani kamfani ya niƙa ya bari tun ina yaro. Duk gidan da ke nan, kakansa haƙa ta kawo shi. Ruwa kuwa tanka ke kawowa, wayit suke ce mata.

Na tsuguna gindin tsibin, na ɗebi ƙasar, na zuba ruwan shana a ƙwarya, na hau juyawa. Laka. Na sake. Laka. Wani tsoho Balarabe mai awaki ya tsaya yana kallona.

"Ya hajji, fura kake damawa?" Da Hausarsa ta kasuwa ya faɗa, don ya taɓa zama da mutanenmu.

Na ce zinariya nake nema.

"Tana cikin dutse, ya miskin. Inji ke fito da ita. Sha ruwan da ya rage, kada mu yi jana'izar baƙo."

Ban sha ba. Na zuba shi a ƙwarya, ina addu'a, harshena kamar fata. Ina juyawa ina ganin jan fentin nan. Da ruwan ya ƙare na riƙa tofa yawu a ƙasar, har yawun ya ƙare. Tsohon ne ya ɗora ni a motar kayan lambu mai komawa Madina.

Na iske unguwa ta sauya. Maƙwabta sun samo kututturen dabino daga gonakin Ƙuba da ake sarewa, kowa ya rufe ɗakinsa. Nawa katafila ta bi ta kai. Matata tana zaune kan tulin duwatsun, ta ware manya gefe guda, tafin hannunta duk ya tsage. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Sannu da hanya, Malam. Mu fara jerawa yau, ko akwai wani dutsen da ke kiranka?"