Yaya, Farin Ƙwaro Ya Kama Uwar Tukwanenki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda 'yan layinmu a kasuwa suka fi sani da Likitar Tukwane. Yau kwana goma sha ɗaya, sai yanzu na iya riƙe biro.

Yaya, shekara ashirin kina rainon tsirran nan masu kaurin ganye da ake ajiyewa a ɗaki, ni ina sayarwa. Zan sayar wa mutum tukunya ya tafi yana sa min albarka, amma ban taɓa zama na koyi abin da ke cin ganye ba. Ke kuwa daga bakin ƙofa za ki ce, "Ɗago min wancan." A ɗago, sai ga farin abu kamar auduga maƙale a gindin ganye. In ganye ya yi danƙo tururuwa na hawa, ki ce ƙwaro ke tsotsa. In ƙananan ƙudaje na tashi daga tukunya, ki ce, "Kirki ne zai kashe shi, ruwa ya yi yawa."

Ban manta ranar da kika kama ni na juya gefen mai cuta ya kalli bango, na shafe sauran ganyen da mai yana ƙyalli. A gaban mai saye kika ce, "Ƙanena, mara lafiya kake wa kwalliya?" Kika ba matar wata tukunyar, kika ɗauki waccan zuwa tagar baya da kike kira asibiti. Can kike ware mai cuta shi kaɗai, ki tsoma auduga a sifirit, ruwan nan da ake goge wurin allura da shi, ki bi ganye ɗaya bayan ɗaya. Na maƙwabta ma can suke jinya, ba ki taɓa mayar da kowa ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat. Ranar rasuwarki gida ya cika, babu wurin zama. Da hannuna na kwashe tukwanen duka, har da ukun da ke asibiti, na cusa su a ɗakin ajiya, ganye na gogar ganye, na ja ƙofa. Matan gida kuma, don tausayi, kullum sai sun shiga sun ba “marayun Yaya” ruwa. Shekaranjiya na buɗe. Yaya, farin ƙwaron ya bi su duka, fari fat, kamar an watsa gari.

Har da Uwa, babbar tukunyar da mahaifiyarmu ta bar miki, wadda daga ganyenta sauran suka fito. Kina kwance kika riƙe hannuna kika ce, "Sayar da komai, ban da Uwa. Ta 'yata ce." Jiya yarinyar ta ce, "Kawu, ina tukunyar Mama?"

Na nemo kwalbar sifirit ɗinki da audugarki. Na goge har yatsuna suka yi fari. Da na zare Uwa daga ƙasa, saiwar ta ruɓe, baƙa ƙirin, tana wari. Wa zan ɗago wa yanzu ya duba? Na bi ganyen duka, ɗaya tak na samu mai tsabta. Na ɓalle shi na kwantar a kan busasshen yashi a tagar asibiti, kamar yadda na saba ganin kina yi in kina son ganye ya fitar da sabon tsiro. Sannan na kira 'yarki na nuna mata komai. Wannan karon ban juya gefen cuta bango ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'yarki da dangi baki ɗaya, Allah Ya ba mu haƙuri. Duk wanda ya zo gaisuwa ya ga ganye ɗaya kwance a kan yashi, ya yi wa Yaya addu'a, amma don girman Allah kada ya ba shi ruwa.