Ciyawar Garin Forfe

Karatuna na lakwal bai yi nisa ba, ɗan Faransancin da na koya ma yawancinsa ya zube a hanya. Amma akwai kalma guda da ba za ta bar kaina ba har ranar da za a kai ni makwancina, ita ce forfe. Maigidana ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, kuma tun daga ranar nake son in rubuta yadda wannan kalma ta shigo gidanmu.

Abin ya faru a shekarun fari, lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa. Muna zaune a Yamai, ba mu daɗe da aure ba. Maigidana yana buga takardu a wani biro, wato ofis, a Plateau, unguwar manya, da la'asar kuma ya je ya tsare gida a filin ƙwallo. A lokacin ne mahaifinsa ya iso mana daga wani ƙauye na wajen Tahoua, a ƙafa, yana jan karsana guda. Ita kaɗai ta rage masa cikin garken da ya yi shekaru yana tarawa. Muka ɗaure ta a tsakar gida, tana cin dusa da ɓawon kankana, wani lokacin har da kwali. Baba ba ya yawan magana, ba ya dariya, kuma ba ya barin kowa ya taɓa igiyar karsanar nan, musamman ɗansa.

"Hannun da ke yini yana cafke fatar banza ba zai riƙe mini igiya ba," in ji shi. "Ƙato da iyali, ka sa ɗan guntun wando ka tsaya tsakanin itace biyu ana jifar ka. Mi ne ne sunan wannan?"

"Baba, aiki ne. Har ƙasashen waje ake zuwa."

"To ranar da gwamnati ta sa ka cikin jirgin sama saboda shi, na yarda aiki ne."

Maigidana ya riƙe maganar nan kamar alkawari. Ba kuɗi yake nema a ƙwallo ba, don babu su. So yake tsohon nan ya kalle shi sau ɗaya kamar mutumin da ya iya wani abu.

Sai ga shi an kira shi ƙungiyar ƙasa. Ga wanda bai sani ba, ƙungiyarmu a wancan zamani tana da tarihi mai kwantar da hankali, ba ta taɓa ba kowa mamaki ba. In ta je a ci ta, ta dawo a ce alƙalin wasa ne. In ba ta je ba a ce da ta je da duniya ta gani. Wannan karon aka ce da gaske ake. Aka ɗinka wa ƴan wasa kwat iri ɗaya, aka ba kowa akwatin tafiya, aka yi walima manya suka ci nama a madadinsu, aka ɗauki hoto. Ranar tafiya maigidana ya durƙusa gaban Baba. Baba ya raka shi har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba.

Yadda ya ba ni labari daga baya, tun da hantsi suka yi layi a filin jirgi, kowa yana zufa cikin kwat. Can bayan azahar wani babban soja ya iso cikin mota mai sanyi, ya fito da ƙyar, ya shaida musu cewa ƙasa tana cikin yunwa, bai dace a kwashi ƙarti a kai su wasa ba. Ban ce bai faɗi gaskiya ba. Yunwa kam akwai ta, a gidanmu ma take kwana. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne manya ba su samu labarinta ba sai bayan an gama walima. Ga alama labarin yunwar ayarin raƙuma ya biyo, sai ranar ya iso Plateau. Aka karɓe kwat ɗin, wai kayan gwamnati ne, aka bar musu akwatunan, wataƙila don su samu inda za su zuba haƙurin da aka ba su.

Mu a gida ba mu san komai ba. Da yamma Baba yana zaune ƙarƙashin itacen bedi a ƙofar gida tare da sauran tsofaffin da fari ya koro, sun kewaye rediyo, ni kuma na kawo musu ruwa. Mai karanta labarai, da yake a zamanin nan ba a cewa gwamnati ta fasa abu, sai ya ari kalmar Turawa ya ce ƙungiyar ƙasa ta yi forfe. Na sha jin kalmar a bakin maigidana, na san ana faɗin ta ne in an kira ƙungiya wasa ba ta zo ba. Shi kuwa Baba ya ji ta ne kamar yadda ake cewa wane ya yi Maraɗi, wane ya yi Kano.

"Sun yi Forfe," in ji shi. "Wane waje ne Forfe?"

Muna da wani maƙwabci, tsohon direba, wanda tun da aka haife shi bai taɓa cewa ban sani ba. Ya gyara zama.

"Forfe? Ai na sha kai albasa can. Ka haye gada ka yi kudu, ka yi ta tafiya sai ka gaji. Mutanen kirki, sai dai ba su iya ciniki ba."

Akwai samari biyu masu jin Faransanci a wurin, suka kalli juna suka kalli ƙasa. A lokacin soja, mai fassara maganar rediyo yakan kwana inda bai shirya ba. Ni ma na buɗe baki, sai na ga fuskar Baba. Murmushi yake yi. Tun da ya zo gidanmu ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar. Na ɗauki kwanona na koma ciki.

Washegari wani abokin wasansa, Bazabarme, ya zo ya raɗa mini cewa maigidana yana garkar iyayen shi abokin a Tondibia, can bakin kogi, kunya ta hana shi dawowa. Na ce wa Baba zan je gaisuwar haihuwa, na tafi. Na tarar da shi ya naɗe ƙafar wando yana ban ruwan ganyen salati, mai tsaron gidan ƙasa guda.

"Malam, sannu da hanya," na ce. "Baba ya riga ya sauke ka a Forfe. Yanzu haka yana ƙarƙashin bedi yana raba wa mutane labarinka."

"Ke kuma kika yi shiru?"

"Na ga yana dariya, Malam. In kai za ka iya hana shi, taso mu tafi."

Ya ci gaba da ban ruwansa. Bai taso ba.

Bayan ƴan kwanaki ya dawo gida kamar wanda ya sha tafiya. Ba shi da tsaraba, kuma ya kasa shigowa da akwati fayau, sai ya yanki ɗanyar ciyawar bakin kogi ya cika shi, ko karsana ta samu abin taɓawa. Baba da kansa ya buɗe akwatin a tsakar gida. Ya ɗebi ciyawar ya shinshina, ya murza ta, ya sa ɗan tsinke a baki. Bai taɓa hawa jirgi ba, don haka bai ga abin mamaki ba a ce an yi wa ciyawa kujera. Maƙwabcinmu direba ya leƙo ya tambayi yadda wasa ya ƙare.

"Ba a ci mu ba," in ji maigidana. "Ko ɗaya ba ta shiga ragata ba."

Wannan kam gaskiya ce tsantsa. Ina jin a duk tarihin ƙungiyar ta wancan lokaci, ba a taɓa tsare gida kamar yadda ya tsare shi a Forfe ba. Amma Baba ba wasa ya dame shi ba.

"An yi ruwa can?"

"An yi, Baba."

"Shanunsu fa?"

"Sun ƙoshi, Baba."

"Suna hana baƙo kiwo?"

"Ba na jin suna hanawa."

Ina tsaye a bakin madafa ina ji, kowace amsa tana ƙara ɗaure mu. Kafin tafiyar nan Baba ya riga ya yarda a sayar da karsanar ga mahauci tun tana da sauran nama. Daga ranar ya ce an fasa. Muka ɗauka jin daɗi ne kawai.

Wata safiya bayan sallar asuba na fito shara, na ga turke babu karsana. Babu sandar Baba, babu gorarsa ta ruwa. Ban ma yi magana ba, maigidana ya kalli turken ya ce, "Gada." Muka fita da gudu, muna tambayar masu kosai da masu tura kura ko sun ga tsoho da saniya. Kowa ya gan shi, don duk wanda ya gamu da shi sai Baba ya tambaye shi hanyar Forfe.

A bakin gada muka same shi, inda sojoji ke tare hanya. Rana ta ɗaga. Karsanar ta durƙushe a gefen titi tana haki, Baba yana tsaye riƙe da igiya, sojoji ƙanana sun kewaye shi suna dariya har da buga gindin bindiga a ƙasa. Muna isowa ɗaya daga cikinsu, da alama mutumin Maraɗi ne, ya tsawata wa sauran, ya matso.

"Baba, yi haƙuri, forfe ba gari ba ne. In an sa ranar wasa, aka jira ka, ba ka zo ba, shi ne ka yi forfe. Ƴan ƙwallon nan ko jirgin ba su shiga ba."

Baba ya juya ya ga ɗansa. Maigidana, dogon mutum, ya tsuguna a kan kwalta kamar yaro. Na jira zagi, na jira a ɗaga sanda. Baba ya ɗaga kai ya kalli sama, wadda ko ɗigon gajimare babu.

"An sa rana, an jira, ba ka zo ba," ya maimaita a hankali. "Ashe abin da damina ta yi mana ke nan."

Dariyar sojojin ta tsaya. Duk ƴaƴan manoma ne.

"Kai," ya ce wa ɗansa, "ka je filin jirgin?"

"Na je, Baba."

"Da kayan aikinka a hannu?"

"Da su."

"Ni ma kowace shekara na fita gona da irina, na shuka, na jira. Damina ta Allah ce, ba a tuhumar ta. Amma kai, waɗanda suka kira ka su ne ba su zo ba."

Ya faɗi haka a gaban masu bindiga. Sojan nan na Maraɗi ya shiga gyaran igiyar takalminsa da himma, kamar bai ji ba.

"Ciyawar fa, ita ma babu ita?"

"Akwai ta, Baba. Ta Tondibia ce, nan kusa."

Sai Baba ya miƙa masa igiyar karsanar.

"To ja mu tafi. Ka riƙe da kyau, an ce ka iya kamu."

Haka muka taka har Tondibia, muna tsayawa duk inda karsana ta tsaya, maigidana a gaba yana jan igiya yana share fuska da hannun riga, wai zufa ce. Mutanen garkar suka karɓe ta, ta rayu. Baba ne bai ga damina ta gaba ba, ya rasu ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Shi kuma maigidana ba a sake kiran sa ba. Kafin manya su tabbatar yunwa ta ragu har a iya buga ƙwallo, an samu yaro mai tsalle fiye da shi.

Bara a zaman makokinsa wani ya ce marigayin ya taɓa tsare wa ƙasa gida. Samari suka ciro wayoyinsu suka bincika tarihin ƙungiyar, gasa bayan gasa. Babu sunansa. A gurbin waccan gasar kalma ɗaya suka gani, suka karanta ta, suka yi mini kallon tausayi, irin wanda ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. Ban yi musu gardama ba. Akwatin yana ƙarƙashin gadona, amma akwati ba ya magana.

Abin da na koya shi ne, tarihi wanda ya shiga fili kaɗai yake ƙirgawa. Ba ruwansa da wanda ya zo da wuri, da kayansa a hannu, ya tsaya a rana yana jiran waɗanda suka kira shi. Irin waɗannan mutane sun fi yawa a ƙasar nan, kuma in nasu ba su shaide su ba, ba wanda zai yi. Maigidana ya samu tasa shaidar a bakin gada, daga mutumin da ya fi so ya ba shi ita. Bai taɓa hawa jirgin sama ba har ya koma ga Allah, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kan haka ba.