Ni da Rakani-kashi a Gidan Biki

Sa ne ya taka min waya. Na fara da wannan ne saboda har yau akwai masu cewa sayar da ita na yi. Ranar kasuwar Illela ce, ina bayan ɗan kabu-kabu muna ratsa gefen kara, kasuwar shanu, hannuna ɗaya riƙe da ledar atamfa, ɗayan yana latse-latse. Ya taka burki, wayar ta suɓuce, wani farin sa ya ɗora mata kofato ya yi gaba abinsa. Bafulatanin da ke kora shi ya ba ni haƙuri. Na ce ba komai, sannan na zauna bakin titi na fashe da kuka, da girmana, shekara ashirin da uku.

Saura sati uku bikin aminiyata, kuma ni ce babbar ƙawa. Tun muna firamare muka yi alkawari: ranar aurenta ni zan zauna a damanta, ranar nawa ita. Shirin bikin kuwa kakaf a guruf ɗin ƙawaye ake yinsa, daga launin anko har mai lalle.

Ba zan ɓoye ba, na sha wuya. Hannuna ya riƙa lalube cikin jaka shi kaɗai. Sai in ji ƙarar shigowar saƙo, in zabura, ashe kunnena ne. Ina tsakiyar tuƙa tuwo gabana zai faɗi: yanzu haka ana can ana yanke wani abu ba da ni ba. Da Inna ta gaji da ganina ina zarya a tsakar gida, sai ta miƙo min tsohuwar wayarta, 'yar ƙaramar nan mai tocila a ka, an ɗaure bayanta da roba. Rakani-kashi ake ce mata, don aikin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne haska wa mutum hanyar bayi.

Da ita na je taron ƙawaye a ɗakin amarya. Ana cikin magana wayar ta ɗauki kuka, kukan da ko a maƙwabta an ji. Ɗakin ya kwashe da dariya. Akwai wata a cikinmu, ɗiyar wani mai canjin kuɗi, wayoyinta biyu, ɗaya layin gida ɗaya layin Nijar.

"Mi na wanga?" in ji ta. "Babbaƙ ƙawa da rakani-kashi? To wa ka ɗaukab bidiyo? Wa ka ba mutane amsa guruf?"

Ita ba ta dame ni ba, na san bakinta. Aminiyata na kalla. Ta sunkuyar da kai kan wayarta, ta ci gaba da latse-latse. Wannan ne ya ƙona min rai.

Bayan kwana biyu na ji a bakin tela cewa an ba ɗiyar mai canji matsayina. A guruf aka sanar, inda aka san ba zan gani ba.

Yayana ya ce in ari tasa wayar har a gama biki. Na ce wallahi ba zan ara ba. In dai waya aka ba wa damar amarya ba ni ba, to su samo wayar ta zauna. Daga ranar na daina ɓoye 'yar rakani-kashina. A hannu nake riƙe ta cikin kasuwa, in ta yi kuka in bar ta ta yi mai isarta kafin in ɗauka.

Saura kwana biyar, sai ga mahaifiyar amarya a gidanmu, ko zama ba ta yi ba. Ta ce gwaggon amarya da ke Konni ta Nijar, yayar mahaifinta, ta aiko cewa ita ba ta ji labarin wani aure ba. Ita ce kuwa mai kai amarya ɗaki, kuma mahaifin ya rantse in ba ta zo ba babu inda 'yarsa za ta. Ƙawaye su suka karɓi aikin gayyata. Sun haɗa kati mai furanni, sun tura wayar surukar Gwaggo, sun ce ai an tura. A wurinmu kuwa babba ba ya jin gayya sai goro ya shiga hannunsa. Da aka tambayi wadda ta san gidan, lambar waya kawai suka sani. Ni kuwa a gidan muke hutun makaranta, ni da amarya.

Na so in ce su je su tura goron ma ta guruf. Har ya zo bakina. Amma uwa ce tsaye a gabana idonta jawur, sai na ɗauki hijabina.

Na hau kabu-kabu na tsallaka iyaka da ƙullin goro a cinyata. Na sami Gwaggo a inuwa tana tsinkar zogale. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye ƙullin.

"Hoton hure sunka aiko man cikin waya," ta ce. "Ni akuya ta, da za a nuna man hure?"

Ta kwance ƙullin, ta ɓare ɗaya ta jefa a baki. "To, yanzu nij ji ana armen ɗiyata. Ke ta babbaƙ ƙawa ko?"

"An ba wata, Gwaggo. Ban da babbaw waya."

Ta ce in nuna mata tawa. Da na nuna, ta kwance bakin zanenta ta fito da irinta sak, har robar. Muka yi ta dariya har surukarta ta leƙo.

Ranar kai amarya ɗiyar mai canji ta riga kowa zama a dama, ta ɗaga waya sama tana ɗaukar kanta. Gwaggo ta shigo, ta dube ta.

"Tashi, ɗiyata, hoto daga tsaye aka ɗaukatai. Wadda tak kawo goro ita ka zamnawa nan."

Na zauna, kuma ban yi kawaicin cewa a bar ta ba. Wurina ne. Daga cikin lulluɓi aminiyata ta lalubo hannuna ta matse. "Ki yahe man," ta ce a hankali.

Kafin in ba ta amsa rakani-kashi ta ɗauki kuka a cinyata. Wayoyi wajen goma a sama, duk suna ɗauka. Wata ta ce in kashe ta don Allah. Kashe ta sai na saki hannun amarya, ni kuwa na ƙi saki.

Yanzu ina da babbar waya, guruf ɗin ne dai ban koma ba. Bidiyon bikin duk wanda ka buɗe kukan nan yana ciki, sun yi sun yi ya ƙi fita. Ni ma nakan kunna shi, in kalli hannunta cikin nawa.