Rancen Karatun 'Yar Fari

Ban yarda da asusun nan ba tun ranar da aka kafa shi, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Ƙungiyarmu ta zumunta ce, ta Hausawan da ke neman abinci a Dubai, 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Muna taruwa ranar Lahadi bayan la'asar a cikin wani sito na kago, inda ake tara kayan da za a aika gida, a unguwar Al Ras, kowa ya sami kwali ko buhun kanumfari ya zauna. Da aka ce za a riƙa ware wani abu daga kuɗin wata-wata ana ba 'ya'yan mambobi rance su yi karatu a gida, babu kuɗin ruwa a kai, in sun kama aiki su mayar, sai na miƙe na ce ina so in ga ɗan mai tuƙa tuwo irina da zai ci wannan gajiyar. Shugabanmu, wani dattijo Bakano mai fataucin leshi, ya yi dariya ya ce bakin Hajiya ba shi da linzami. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a unguwarmu ta Deira duk macen da ta kai shekaruna Hajiya ce.

Ina da dalilina. Na ga uwar adashi ta hau jirgi da zubin mutane, har yau ba a ji ɗuriyarta ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Don haka duk ranar da aka ambaci yaron da aka ba rance, sai in tambaya ɗan wane ne, ubansa shago nawa gare shi. Ana nan sai ta fito fili cewa wani direba ya shigar da ɗan maƙwabcinsa a matsayin nasa, yaron kuma ya bar makaranta ya shiga duniya. Aka ce a tsaurara: daga yau sai ɗan da mutum ya haifa da cikinsa. Muryata ce ta fi ta kowa ƙarfi a ranar. Har na ce ɗan riƙo ma a cire, don ta nan ɓarayi za su biyo.

To, ina da 'ya.

'Yar fari ce. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta lissafa shi in an tambaye ta. Da na yaye ta, gwaggonta, yayar mijina, ta zo ta goye ta ta tafi, ni kuwa ina tsakar gida ina daka ban ɗaga kai ba, don haka ake yi. A can ta girma. Da sunan mijin gwaggon aka sa ta a makaranta. Gwaggo take kira Umma, ni kuma Yaya. Duk shekarun da na yi a Deira, in aka ce 'ya'yanki nawa, cewa nake maza biyu. Ba ƙarya nake yi ba a ganina, kunya nake yi, kuma duk 'yar garinmu ta san bambancin.

Yarinyar ta sami gurbi a makarantar koyon unguwarzoma bayan ta sha nema ba ta dace ba. An ba su wa'adin biyan kuɗin rajista, in ya wuce a ba wata gurbin. Gwaggo ta tsufa, mijinta ya kwanta ciwo. Ni kuma lokacin biza ta yi wuya, 'yan kasuwar da ke cika falona suna cin tuwo da miyar kuka sun daina zuwa, tukunyar da nake ɗorawa ta koma 'yar ƙarama. Na haɗiye girman kaina na tafi wurin sakatare.

Sakataren namu Badamagare ne, ya yi boko na Faransanci, ba ya fara magana sai da "bon". Ya duba takardun yarinyar a wayata, ya duba katina na ƙungiya, ya sake duba wayar. Ya ce bon, sunan uban bai yi daidai da na marigayi mijina ba, za a kai maganar gaban taro. Ya faɗa da ladabi, amma na ga inda ya ajiye idonsa.

Daga nan gari ya canza mini. Masu sayen tuwona suka riƙa gaishe ni gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi wa wanda aka gama cin namansa. Na zargi sakatare da yawo da zancena. Na zargi shugaba da cewa yana da wani ɗan ƙane da yake so ya tura a gurbin. Amma wadda na fi zargi ita ce wata Hajiya mai sayar da turaren wuta, benenmu ɗaya, mun taɓa yin cacar baki a kan hayaƙin girkina da ta ce yana ɓata mata kaya. Ita ce ta taɓa tambayata 'ya'yana nawa. Ruwa ba ya tsami banza. Ko a cikin abra, kwale-kwalen haya, in zan ƙetare ruwa in kai abinci, in na hangi Bahaushe yana danna waya sai in ce labarina yake aikawa.

Ranar taro sito ya cika fiye da kullum. Mutanen da ba sa zuwa sai an yi rasuwa duk sun zo kallon mai tsaurara doka. Sakatare ya ce a kira yarinyar a gan ta ido da ido. Na ba shi wayar ya buga, ya jingine ta a kan kwali. Fuskarta ta fito, ta hango ni, ta rusuna ta ce, "Yaya, ina wuni."

Na ji guna-guni ya tashi a bayana. Sakatare ya tambaye ta ina mahaifiyarta. Ta sunkuyar da kai ta ce Umma tana kicin. Ita ma tarbiyyar da aka yi mata ke nan, me za ta ce?

Shugaba ya gyara zama ya ce, "Hajiya, ke kika ce a tsaurara, ba mu ba. Faɗi sunanta, ki ce ke kika haife ta, khalas, shi ke nan, mu wuce wurin."

Na buɗe baki. Ni da na taɓa zagin wani wakilin kago da Hausa da Larabci da ɗan Turancin da na tsinta har ya fito mini da kayan da ya ce sun ɓata. Ni da ba a taɓa rufe taro ban yi magana ba. Sai na ji ni na ja mayafi na rufe rabin fuskata, kamar uwata tana tsaye a kaina. Wani daga baya ya ce kun gani ko.

Wadda ta yi dariya ita ce Hajiya mai turare. "Kai, maza, kun daɗe a ƙasar Larabawa," in ji ta. "Ku dubi fuskar nan. Mai satar ɗan wani ai da gudu take faɗin suna. Wannan uwar 'yar fari ce."

Shugaba ya ce ya sani, shi ma mahaifiyarsa har ta koma ga Allah bai ji sunansa a bakinta ba. Amma ya ce maƙaryaci ma ya iya sunkuyar da kai, kuma in aka karɓi shiru a matsayin hujja yau, gobe kowa shiru zai kawo. Ban ji daɗin maganar ba, amma da ni ce a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci ne bayan rasuwar mijina, da furfura a kaina, ina haɗa baƙi da wasali jikokin wasu suna leƙenmu ta taga. Rubutuna har yau kamar tafiyar kaza yake. Na ce wa sakatare ya ba ni bironsa. Na yage leɓen kwalin da nake zaune a kai, na ɗora a gwiwa. Uwata ta hana bakina, amma ba ta ce komai a kan hannuna ba, don ba ta san biro ba. Sai da na tsaya na yi tunanin haruffan, domin na sha rubuta sunan shinkafa da na masu cin bashi, wannan sunan kuwa ban taɓa ba. Na rubuta shi. A ƙarƙashinsa na sa: ni na haife ta.

Na miƙa wa sakatare don ya gani da idonsa kawai. Mutumin nan sai ya ce bon, ya karanta da ƙarfi, wayar kuma tana nan a jingine ba a kashe ba. Ban kalli wajen wayar ba. Hajiya mai turare ta ce ita ce shaida, kuma ita za ta tsaya wa yarinyar in ba a biya ba. Aka tura kuɗin kai tsaye zuwa makaranta kafin wa'adi ya cika.

Har yau ban san abin da ya sa matar nan ta tsaya mini ba. Tana da ɗa da bai yi aure ba, kuma ta fara tambayata ko yarinyar doguwa ce. Ina lura da ita. A taro kuma ban daina tambayar ɗan wane ne ba, sai dai yanzu in na tambaya wani ya miƙo mini biro, a yi dariya.

Da yarinyar ta kira ni bayan ta yi rajista, Yaya ta ce mini kamar kullum. Muka yi zancen kayan makaranta da jikin mijin gwaggo. Har za mu yi sallama sai ta ce, in ba damuwa, tana son hoton kwalin nan. Na ce me za ki yi da shi, wa ya sa ki? Ta ce ba kowa. Na ce ta mayar da hankali ga karatu, rance ne a wuyanta ba kyauta ba, na kashe wayar.

Da Lahadi ta zagayo na riga kowa zuwa sito. Na sami sakatare shi kaɗai, na ce ya ciro kwalin daga cikin takardunsa ya ɗauka mini hotonsa a waya, kuma in na ji zancen a bakin wani, na san inda ya fito.