Damina Bakwai Babu Mai Shigar da Motar Asibiti Lungunmu

Damina bakwai ke nan da rasuwar yayata Asabe, mai kemis a bakin lungunmu na Agege. Na so in yi shiru bana, sai ga amai da gudawa ya dawo unguwa, ya tono mini ita.

A shekarar da cutar ta yi mana ɓarna, motar asibiti kan zo ta tsaya a titi. Ma'aikatan maza ne, gidajenmu kuwa ba a shiga. Ga kuma tsoron in mutum ya cika a asibiti za a hana gawarsa, ba wanka ba sutura. Sai a ɓoye majinyaci, a aiko sayen garin gishiri da sukari a kemis.

Nan Yaya take kama su. Da ta ga gida ɗaya ya sake aikowa, sai ta ja mayafi, ta ce wa direban motar, Bitrus, mutumin kudancin Kaduna, "Ku biyo ni, amma ku tsaya a ƙofa." Ta yi sallama, ta zauna ta yi ta lallashin maigida har ta fito da mara lafiya da hannunta. A gaban shagonta kuma kullum akwai bokitin ruwan magani, ma'aikatan su wanke hannu da takalma. Har tsiya nake mata: "Yaya, kemis kika buɗe ko ma'aikatar lafiya?" Ta ce, "Ke dai miƙo mini bokiti."

Hawan jini ne ya ɗauke ta, bayan komai ya lafa. Shagon yanzu cajin waya ake yi a ciki.

Makon jiya Bitrus ya dawo da motar, kansa duk furfura. Ya ce, "Hajiya, an ce akwai mai ciwo a layin nan. Wane gida ne?" Na bi gidaje ina tambaya, kowa ya ce lafiya lau. Motar ta koma babu kowa a ciki. Washegari aka fito da gawar Ladi mai koko a makara daga gidanta. Mai sabon kemis na bakin titi ya ce ai tun farkon mako 'yan gidanta suke ta aikowa sayen garin gishiri da sukari. Ya sayar, bai tambaya ba.

Raina ya ɓaci, har yanzu bai huce ba. Da Yaya na nan, ban san me za ta ce masa ba, amma na san da Ladi ta shiga motar nan.

Allah ya jiƙan Yaya. Bokitinta yana ɗakina, na riƙe shi da kyau. Tambayar da take yi wa mai saye, "Wa ke kwance a gidanku?", ita ce babu wanda ya gada.