Yaya Nasiru, Mai Tsaron Baya a Kan Ƙanƙara

Bana shekara tara ke nan da muka kai Yaya Nasiru makwancinsa a Wudil. Har yau in aka tambaye ni sana'arsa, sai na rasa ta inda zan fara.

A Kanada aka haife shi, lokacin da Babanmu yake karatu a can. Da iyayenmu za su dawo gida yana ɗan shekara goma sha shida, wata ƙungiyar wasa ta roƙa a bar mata shi, Baba ya amince. Ni a nan aka haife ni bayan dawowarsu, don haka a hoto na fara sanin yayana.

Wasan nasu hoki ne, a kan daskararriyar ƙanƙara ake yin sa, da takalma masu kaifi a ƙasa da sanduna a hannu. Shi mai tsaron baya ne. In abokan hamayya suka bugo wani dunƙulen roba mai taurin dutse, shi ke tarewa da jikinsa kafin ya isa raga. Bai taɓa zama shahararre ba. Ya yi ta yawo ne daga wannan ƙaramar ƙungiya zuwa waccan, haƙoransa na gaba suka zube, kansa ya sha gwaruwa da bango. Wata shekara da ya zo ganin gida, Innarmu ta ce, "Wai kai aikin naka, a jefe ka ne?" Ya yi dariya ya ce, "Haka ne, Inna. In ya same ni, ai bai shiga ba."

Da ya dawo gaba ɗaya, ba wannan mai dariyar ba ne ya dawo. Matarsa ta can ta rabu da shi, ta riƙe ɗansu Adamu. Ciwon kai ba ya barinsa, hasken rana yana sa shi kuka. Yakan tsaya tsakiyar salla ya rasa raka'a ta nawa yake. Wata Juma'a ya fita zuwa kasuwa, sai a bakin gada aka tsince shi yana tambayar masu wucewa hanyar gidanmu. Mutane suka ce iska ce, aka yi ta ruƙiyya. Likita a Kano ya ce dukan da ƙwaƙwalwar ta sha ne, kuma babu gyara. Haka ya yi ta raguwa a hannunmu har Allah ya karɓi abinsa.

An ce yanzu an tsananta doka a kan bugun kai a wasan. Da yana raye, ban sani ba ko zai yi murna, ko zai ce an makara. Abin da ya fi damuna shi ne Adamu ya girma, ya shiga wasan, kuma baya yake tsarewa. Anya da Yaya yana nan zai hana shi? Ina shakka, don ko a cikin ciwon ya taɓa ce min a kan ƙanƙara kaɗai yake sanin inda yake.

Me ya rage na Yaya? A can an manta da shi, a nan ba a taɓa fahimtarsa ba. Damuna ta baje kabarin. Kwanan baya Adamu ya kira ni da Turanci, don ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Ya ce in ba shi labarin yadda mahaifinsa yake kafin ciwo. Na gaya masa gaskiya: ni ma ban san shi ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Nasiru.