Madam Edith da Albishirin Mista Lin

Edith Bitrus 'yar Zonkwa ce, amma a Kakuri ta girma. Shekara ashirin da biyu tana buga tafireta a ofishin wata masaƙa, kullum daga unguwar Television take hawo bas. Saboda Turancinta ya nuna, manaja ya roƙe ta ta riƙa koya wa injiniyoyi uku 'yan Caina a lokacin hutun rana.

Cikinsu Mista Lin ya fi naci. Mutum ne gajere mai fara'a, duk abin da ta faɗa sai ya rubuta.

A watan Mayun 1999, ana shirin miƙa mulki ga farar hula, ma'aikata suka shirya walima. Edith ta koya wa ɗalibanta kalmomin biki da na fatan alheri. Ta ce "hope" fata ne kawai, "expect" kuwa sa rai ne da abin da kake ganin yana tafe.

Lin ya tambaye ta, "To ke me kike sa rai?"

Ta ce, "Kwanciyar hankali, da makaranta mai kyau ga jikokina."

Ranar walima ta zo da mijinta George. Aka ci shinkafa, aka ba Lin makirufo. Ya taya kowa murna tiryan-tiryan, Edith tana jin daɗi. Sai ya nuna ta, ya ɗaga murya: "Madam Edith is expecting!"

Wuri ya kaure da guɗa, domin a Turanci cewa ya yi tana da ciki. Mace mai shekara hamsin da jikoki huɗu! Hauwa mai sayar wa ma'aikatan masaƙar abinci ta rungume ta tana cewa, "Yaya Edith, shi ne kika ɓoye mana?" Maza suka yi ta miƙa wa George hannu, shi kuwa yana karɓa yana gyara hula.

Edith ta yi dariya har da hawaye. Da ta yi wa Lin bayani, kunya ta rufe shi, ya yi ta sunkuyar da kai yana ba George haƙuri.

George ya ce, "Haba Mista Lin, ai yau ka ɗaga darajata."

Bayan shekara uku ta yi ritaya, ta jera benci biyu a barandarta. 'Yan Caina masu shaguna suka riƙa zuwa ɗaukar darasi ranar Asabar, wasu har da matansu, ita kuma tana dafa musu shayi.